Gwaggon Kowa da Sanarwar da Na Rubuta

Muna dawowa daga maƙabarta babban ɗan Gwaggo ya ja ni gefe ya ce, "Malam, kai ne mai alƙalami a cikinmu. Rubuta mana sanarwa a kai gidan rediyo kafin labaran yamma." Na zauna a dakalin zaure na ɗora takarda a gwiwa. Ban yi minti biyar ba na gama, domin irin wannan rubutu kowa ya haddace shi. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, Allah Ya yi wa Hajiya wance rasuwa bayan fama da rashin lafiya, ta rasu ta bar 'ya'ya kaza da jikoki kaza, daga cikinsu akwai Alhaji wane na ma'aikatar kaza, da wane ɗan kasuwa a Kaduna, tuni aka yi jana'izarta kamar yadda addinin Musulunci ya tanada. Aka karanta a rediyo. Yara suka ɗora a Facebook tare da hoton babban ɗan nata yana sanye da babbar riga, jama'a suka yi ta jera "Allah Ya jiƙanta" a ƙasa.

Ran sadakar uku na shiga cikin gida in gaida mata, sai wata mata da ban sani ba ta tare ni a tsakar gida. Da ƙafa ta zo daga wani ƙauye na bayan rafi, da ƙwaryar gero a ka, da wani yaro ɗan shekara goma sha biyu a bayanta. Ta ce, "Kai ne aka ce ka rubuta abin da aka karanta a rediyo?" Na ce ni ne. Ta ce, "To na ji an lissafa masu mota. Wannan fa?" Ta turo yaron gabana. "Da hannunta ta karɓe shi. Kwana uku ta yi a ɗakina, jini yana zuba, mijina yana ci-rani. Ko shi ba ta bar shi ba?"

Ban sami abin cewa ba. Na ce Allah Ya ba mu haƙuri, na wuce. Amma tun ranar maganar take cina, kuma ita ce ta sa ni wannan rubutu.

Garinmu ƙarami ne a ƙasar Zazzau, irin wanda in baƙo ya sauka a tasha kafin ya isa ƙofar mai unguwa an san gidan da ya nufa. Ita Gwaggo ƙanwar mahaifina ce ta wajen 'yan maza, saboda haka ni da gaskiyata nake ce mata Gwaggo. Sauran gari aro suka yi, har aron ya zama nasu. Liman Gwaggo yake ce mata, malamin asibiti haka, har tsofaffin da suka girme ta. Da yawa daga cikin matasanmu ranar da aka karanta sanarwa suka fara jin sunanta na yanka. Sana'arta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, da shi ta aurar da 'ya'yanta mata, da shi kuma ta riƙe 'ya'ya uku da kishiyarta ta mutu ta bari, riƙon da har suka girma baƙo ba ya iya ware su daga nata. Wannan kaɗai ya isa aikin rayuwar mutum guda. Sai dai ita bayan wannan, ita ce ungozoma, ita ce mai wankan gawar mata, ita ce uwar adashi, in amarya ta yi yaji ita ake turawa biko kafin magana ta kai wurin maza ta lalace.

Akwai wata leda baƙa da take rataye a ƙusa bayan ƙofar ɗakinta. A ciki akwai sabuwar reza da ba a fasa takardarta ba, da zare, da sabulu, da tsumma wankakke, da cocila. In aka buga ƙofa da tsakar dare ba ta tambayar ko wane ne, sai dai ta ce, "Tun yaushe ta fara?" Tana tambaya tana ɗaura zane. Na ga wannan da idona daren da matata take naƙudar ɗanmu na fari. Gwaggo ta shiga ɗaki, ba ta yi rabin awa ba ta fito ta same ni a ƙofa ina kai da kawo. Ta ce, "Kai, wannan ba tawa ba ce. Ƙafafunta sun kumbura, tana cewa kanta zai tsage, idonta na ganin duhu. Nemo mota yanzu kafin jijjiga ta kama ta." Muka tashi mai motar da ke ɗaukar kaya ran kasuwa. Ƙaramin asibitin da ke kusa da mu muka tarar da kwaɗo a ƙofarsa. Muka wuce babban asibiti, tafiyar da ta fi awa a kan hanyar da damina ta cinye, Gwaggo tana bayan mota ta rungume kan yarinyar a cinyarta tana ta salati. Da muka isa, wata ma'aikaciya ta dube ta sama da ƙasa, ta ga zanen atamfa da ya sha wanki da silifa ƙafa ɗaya ɗinkakke, ta ce, "Tsohuwa, fita waje. Ku ne kuke riƙe su a gida sai sun kusa mutuwa ku kawo mana." Gwaggo ba ta ce uffan ba. Ta fita ta zauna a kan siminti har gari ya waye. Da safe likita ya ce da mun ƙara jinkiri da labari ya sha bamban. Ni aka yi wa barka da saurin kawowa.

Ba zan mai da ita waliyyiya ba, domin ita ma da ta ji sai ta yi mini tsawa. Bakinta da kaifi. In ta shiga gida ta ga ƙazanta, ko gaban surukai sai ta faɗa. Kuma shekaru da yawa ta yi tana ɗura wa masu jego kunun kanwa tana gasa su da tafasasshen ruwa har fata ta yi ja, domin haka ta gada, alhali tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello suka lura da yadda ciwon zuciya ke kama matan yankin Zariya bayan haihuwa, suka danganta shi da yawan kanwa da wannan gashi. Maganar ma'aikaciyar nan ma, duk da rashin ladabinta, tana da tushe: akwai ungozomomin da ke riƙe mace kwana biyu, uku tana doguwar naƙuda, ƙarshenta a kwashe ta zuwa asibitin Babbar Ruga a Katsina da yoyon fitsari. Abin da ya bambanta Gwaggo shi ne tana jin magana in aka yi mata bayani da mutunci. Da aka tara su aka nuna musu illar tsohuwar aska wajen yanke cibi, daga ranar ba ta sake taɓa ta ba. Kanwar ce dai ta rage ba ta bari gaba ɗaya ba, tana cewa kunun jego ba kanwa ai koko ne.

Gidanta ma ya biya kuɗin wannan hidima. Marigayi mijinta yakan ce mata inuwar giginya, na nesa ka sha. Babbar 'yarta ta faɗa mini a wurin makoki, tana dariya hawaye na zuba, cewa tun tana shekara tara take tuƙa tuwon gidan, domin sau da yawa za a ɗora tukunya a zo a kira Gwaggo, ta tafi sai gobe. Duk wanda zai yabi irin waɗannan mata ya tuna da yarinyar da aka bar wa murhu.

To me ya sa ban rubuta ko ɗaya daga cikin wannan a sanarwa ba? Babu wanda ya hana ni. Hannuna ne ya bi hanyar da ya saba. Tsarin sanarwarmu an gina shi ne don a gane gidan da za a je gaisuwa, kuma a wurinmu gida da mazansa ake gane shi. In namiji ya rasu za ka ji an ce tsohon hedimasta, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, limamin masallacin kaza. In mace ce, aikinta duka ya koma "ta bar". Ana auna ta da muƙamin waɗanda ta haifa. In ba ta haifi mai muƙami ba sanarwar takan gajarce, in ba ta haihu ba ma sau da yawa ba a yin ta. Kuma abin ya wuce rediyo. Je ka zauna a zauren makoki ka saurara: za a yi ta yabon yadda 'ya'yanta suka yi mata jinya, wane ya kai ta Makka, wane ya gina mata ɗaki. Labarin abin da ita ta yi yana can cikin gida wurin mata, a baki, kuma da an yi arba'in an watse shi ke nan.

Na san abin da za a ce mini, domin wani abokina malami ya riga ya faɗa. Ya ce mace sutura ce, ba a tallata ta, aikin da aka yi don Allah kuma ba ya son a yi ta yayata shi, kada riya ta shiga. Na ce masa riya ai mai aiki take kamawa, wadda ke kwance a kabari wace riya za ta yi? Sannan na tuna masa hadisin da ke cikin Bukhari da Muslim, wanda ya fi ni saninsa, na baƙar matar nan mai sharar masallacin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ya daina ganinta, ya tambaya, aka ce ta rasu. Ya ce me ya sa ba ku sanar da ni ba? Mai ruwaya ya ce kamar dai sun ƙanƙantar da al'amarinta ne. Ya ce a nuna masa kabarinta, ya je ya yi mata salla. Ko a cikin sahabbai an sami wannan hali na ganin mai shara ba ta kai a tashi babban mutum saboda ita ba, kuma an gyara musu. Mu da muke karanta hadisin a kowace islamiyya, gyaran bai iso mu ba.

Ba ma sai mun je nesa ba. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, ta yi waƙoƙin makoki ga manya irin ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da mijinta Waziri Giɗaɗo. A cikin waɗannan manya kuma ta zauna ta yi wa maƙwabciyarta Halima waƙar alhini da Hausa, mace ba sarauniya ba, ba shahararriyar malama ba, ta yabe ta da hankali da haƙuri da riƙon zumunci da kyakkyawar maƙwabtaka. Saboda wannan waƙa har yau ana sanin an yi wata Halima. Ita ce kuma ta kafa 'Yan Taru, ta riƙa naɗa jaji, dattijuwar mace da ake ɗora wa malafa a ka a gaban jama'a, ta koma ƙauyensu ta karantar da mata, ta jagorance su wajen kula da marasa lafiya da sauran hidimar gari. Malafar nan ba ado ba ce. Alama ce da ke gaya wa mai gari da kowa cewa wannan mata tana da matsayi, a saurare ta. Shekara kusan ɗari biyu da suka wuce an san cewa mai irin aikin Gwaggo tana bukatar a ɗaga ta a idon mutane. Yau jikokin waɗancan mutane ne ke ce mata ta fita ta zauna a kan siminti.

Wani zai ce ai muna tunawa da mata, ga Hajiya Gambo Sawaba da aka sa wa babban asibiti sunanta a Zariya. Gaskiya ne, kuma ta cancanta. Amma abin da ya ajiye sunanta shi ne jam'iyyar NEPU da ɗaurin da ta sha har sau goma sha shida. Yaran mutane da ta riƙa a gidanta da marasa galihun da ta ciyar, a ƙarshen labari ake ambatonsu in lokaci ya rage. Da hidimar kaɗai ta yi ba ta hau mumbarin siyasa ba, da ita ma "ta rasu ta bar" za ta samu.

Inda abin ya fi yi mini ciwo shi ne maganar shan inna. Waɗanda suka yi wayo a 2003 suna tuna lokacin da aka dakatar da rigakafin foliyo a Kano bisa zargin an sa wa maganin abin hana haihuwa, ba a dawo da shi ba sai a watan Yulin 2004. Iyayen da suka ƙi ba mahaukata ba ne. Ba su manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba, inda yara 11 suka mutu. Da amana ta zube haka, wa zai kwashe ta? Likita namiji ba ya wuce zaure, rubutun "ba shiga" yana nan a bango. Sanarwar minista ba ta kai tsakar gida. Sai aka koma wa mata irin su Gwaggo, domin ita babu gidan da za ta yi sallama a hana ta shiga. Nakan gan ta a gaba, 'yan mata biyu na bin ta da akwatin sanyi da alli na rubutu a bango da abin shafa wa yaro a ɗan yatsa. In maigida ya ƙi, takan tsaya ta ce, "Kai wane, ni na yanke maka cibi. Da zan cuce ka tun ranar zan yi." Ta fara ɗiga wa jikokinta a bainar jama'a kafin ta taɓa ɗan kowa. An zage ta, an ce ta sayar da kanta ga Yahudu saboda 'yan kuɗin da ko man gyaɗarta na mako bai kai ba, wani ma ya saki mata kare.

Ranar Juma'a 8 ga Fabrairu 2013 'yan bindiga suka buɗe wuta a kan masu aikin rigakafi a wurare biyu a birnin Kano, wajen Unguwa Uku da Hotoro, suka kashe mata tara. Da labarin ya iso mana 'ya'yan Gwaggo suka taru suka ce ta bari haka. Ta ce to. Zagaye na gaba da ya zo ta ɗauki mayafinta ta fita. A 2016 aka ga na ƙarshen masu kamuwa da ƙwayar foliyo ta daji a Najeriya, a jihar Borno, sannan ranar 25 ga Agusta 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana nahiyar Afirka ta rabu da ita. An yi jawabai, an yi hotuna, an gode wa shugabanni da masu ba da tallafi da sarakuna, kuma ban ce ba su yi komai ba. Amma ka tsayar da mutum goma a Kano yau ka ce su faɗa maka sunan ɗaya daga cikin matan nan tara. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wannan ya kawo ni kan kalmar da na fara jin tsoronta, wato "aikin lada". Kalma ce mai kyau a bakin mai yin aikin. In Gwaggo ta ce don Allah take yi, gaskiyarta ke nan, babu mai raba ta da ladanta. Amma in kalmar ta fito daga bakin wanda ke karɓar albashi da kuɗin zama a otal don tsara aikin da tsohuwa za ta yi a rana da ƙafa, ta zama wani abu dabam. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa mata 39 ne kacal cikin 100 suke haihuwa a asibiti a Najeriya, a Arewa maso Yamma kuwa ba su kai biyu cikin goma ba. Ƙididdigar Majalisar Ɗinkin Duniya ta shekarar 2020 ta ce fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da suka mutu a duniya sanadin ciki da haihuwa a Najeriya suke. Sauran matan nan takwas cikin goma da suke haihuwa a ɗaki, wa ke tare da su? Wata Gwaggo, in an yi sa'a. Ashe ke nan mutum na farko da ke yanke shawarar a nemo mota ko a jira, a mafi yawan haihuwar ƙasar Hausa, shi ne wanda ba ya cikin lissafin albashin kowa.

Ba abu ne da ba a taɓa gyarawa a wani wuri ba. Habasha, wadda ba ta fi mu arziki ba, ta fara a 2003 tana ɗaukar 'yan mata daga ƙauyukansu, ta horar da su shekara guda, ta mayar da su biyu-biyu kowace gunduma a matsayin ma'aikatan gwamnati masu albashi, har suka haura dubu 30. Pakistan ta fara irin nata tun 1994. Hukumar Lafiya ta Duniya da kanta ta ba da shawara a 2018 cewa a riƙa biyan ma'aikatan lafiya na cikin al'umma daidai da nauyin aikinsu. A shekarar ce gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin CHIPS na masu bin gida-gida kan harkar lafiya, wanda a takarda ya yi kyau, sai dai a tsarinsa sunan matan 'yan sa-kai, abin da ake ba su kuma alawus. Duk wanda ya taɓa jiran alawus ya san bambancinsa da albashi.

Akwai tsoron da nake girmamawa a nan. Wani dattijo ya ce mini, "Malam, ranar da aka sa kuɗi a aikin Gwaggo, ranar za a ƙwace shi daga hannun irin su Gwaggo." Yana da gaskiya, na gani. Da aka ji ana ba da wani abu, jerin sunayen da aka aika sama sai da ya cika da matar wane da ƙanwar wane, waɗanda ba su taɓa fita da dare ba. Amma maganin ɓarawo ba shi ne a daina noma ba. A bar matan unguwa su zaɓa da kansu, a tsakar gida ba a ofis ba. Ka tara masu jego na shekara biyu ka ce wa kuke kira in abu ya taso, suna ɗaya za ka ji. Kuma ni ban ce a sa farashi a kan komai ba. Wankan gawa farilla ce a kan al'umma, biko da sulhu zumunci ne, waɗannan a bar su inda suke. Amma bin gida-gida da magani, da rakiyar mai ciki awo, da gano yaro mai tamowa, wannan aikin hukuma ne aka ɗora wa talaka. A biya shi.

Kada kuma mu jibge wa gwamnati laifin duka mu koma gefe. Shekara biyun ƙarshe na Gwaggo gwiwoyinta sun ƙi, ido ya yi hazo, tuyar ƙuli ta gagara. A cikin waɗannan shekaru garinmu ya tara kuɗi ya sa wa masallacin Juma'a tayil, ya sayi sabuwar lasifika, ƙungiyar matasa ta yi gasar ƙwallo da kofi. Ban ji ranar da aka tashi bayan salla aka ce jama'a, matar da ta karɓi haihuwar rabin sahun nan tana bukatar aikin ido ba. Ni ma ina cikin sahun, ban tashi ba. Nakan aika mata da ɗan abin goro in albashi ya shigo, in ji kamar na yi wani abu. 'Ya'yanta ne suka ɗauki jinyar, kuma da ba ta da su, da a kan tabarma za ta ƙare tana jiran abin da maƙwabta za su miƙo. Akwai irinta da yawa da ba su da Alhaji wane a ma'aikatar kaza.

Abin da ya faru da safen rasuwarta ban so in faɗa ba, amma shi ne ya fi kowace hujja. An rasa mai yi mata wanka. Shekara arba'in ita ke wanke matan garin. Tana da ƙullin garin magarya da kafur a cikin wata tsohuwar tasa, ta san a fara da dama da gaɓoɓin alwala, a wanke sau uku ko biyar, a sa kafur a na ƙarshe, kamar yadda aka koya wa Ummu Aɗiyya ranar da 'yar Manzon Allah ta rasu. Ta san yadda ake rufe mamaciya har a gama ba a ga tsiraicinta ba, ta san yadda ake yaga likkafani ba almakashi. Matan da ke kama mata ruwa suke zubawa kawai, ba wadda ta taɓa tsayawa a gaba. Masu karatun islamiyya sun san babin a littafi, amma hannunsu na rawa. Sai da aka tura yaro da babur wani gari aka ɗauko wata tsohuwa, maza suna zaune a waje da makara rana tana ɗagawa, ana ta tambayar me ake jira.

Yaranmu mata ba wawaye ba ne. Sun ga yadda aka yi da ita, sun ga silifa ɗinkakke, sun ji sanarwar da na rubuta. Wata jikarta tana karatu a makarantar koyon aikin lafiya, ita ce ta fi kama da ita, har kaifin bakin. Bayan arba'in mata suka ce ita ta dace ta ɗauki ledar nan da ke bayan ƙofa. Ta dube su ta ce, "In na ɗauka, wa zai biya mini kuɗin makaranta? In na tsufa wa zai yi mini aikin ido?" Aka yi ta salati, ana cewa yaran zamani ba su san lada ba. Mahaifiyarta, wadda ta fara tuƙa tuwo tana shekara tara, ba ta ce komai ba.

Na sake rubuta sanarwar, ko da yake babu gidan rediyon da zai karanta ta yanzu. Na bi gida-gida tare da matata da littafi, muna tambayar wa Gwaggo ta karɓa, wa ta wanke, auren wa ta ɗinke. Mun cika shafi goma sha ɗaya ba mu gama unguwa biyu ba, kuma ba mu haye rafi ba tukuna. Na kai wa liman na roƙe shi ya karanta wani abu daga ciki ran Juma'a. Ya jujjuya shafukan, ya tsaya a wani wuri ya daɗe, domin ya ga sunan 'ya'yansa huɗu a jere. Ya ce zai duba.

Ledar tana nan a ƙusa. Makon jiya, wajen ƙarfe biyun dare, wani ya zo daga bayan rafi ya yi ta buga ƙofar gidan, bai ji labari ba. Matar ɗan Gwaggo ce ta fito ta gaya masa. Ta ce ya daɗe a tsaye riƙe da keken, sannan ya tambaye ta, "To yanzu gidan wa zan je?"